Yadda ake bin sawun magani daga hancin ɓera zuwa ƙwaƙwalwarsa

Ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke tare yawancin magungunan da ke yawo cikin jini. Hanci kuwa yana da ɓarauniyar hanya: jijiyoyin jin ƙamshi suna ratsa wani ƙashi mai ƙananan huda su shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Aikin mai bincike shi ne ya nuna cewa ta nan maganin da aka ɗiga a hanci ya bi.

Kafin komai, sai kwamitin kula da dabbobin gwaji ya amince.

Da farko a sa wa maganin alama. Galibi ana ɗaura masa rini mai ƙyalli irin su FITC, ko kuma aidin-125 mai fitar da radiyeshin.

Sai a sa ɓera barci da isofulorin, a kwantar da shi rigingine. A nan ake son haƙuri. Ɗigo ɗaya na maganin kada ya wuce maikrolita 2 zuwa 3 (maikrolita dubu ne ke yin mililita ɗaya), a ajiye a bakin ƙofar hanci ya shaƙa da kansa, a dakata kamar minti 2, a koma ɗaya ƙofar. Jimilla kada ta zarce maikrolita 30. Mai gaggawa huhu yake cika wa ɓera, kuma ɓera da hanci kaɗai yake numfashi.

A ware rukuni na biyu na ɓeraye a yi musu allurar jijiyar jini da adadin maganin daidai wa daida, na uku kuma a ɗiga musu ruwan gishiri zalla, domin naman ƙwaƙwalwa ma yana ɗan ƙyalli da kansa.

Bayan lokutan da aka tsara, misali minti 15, 30 da 60, a zurfafa barcin, a wanke jini ta zuciya da ruwan gishiri, a bi da farafomaldehaid (sinadarin da ke hana nama lalacewa) kashi 4 cikin 100. A ganina wannan ne ƙashin bayan aikin. Idan aka bar sauran jini a jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, rinin da ke cikinsa zai haska, a ɗauka ya shiga ƙwaƙwalwa alhali bai shiga ba.

Daga nan a daskarar da ƙwaƙwalwar, a yanka siriri, a duba da maikroskof. A fara da kumburin jin ƙamshi da ke gaba, sannan gindin ƙwaƙwalwa inda jijiyar fuska mai rassa a cikin hanci take shiga. Idan haske ya fi yawa a wuraren nan cikin ɓerayen ɗigo fiye da na allura, hanyar hanci ce. A kuma auna ko rinin bai rabu da maganin ba, kada a bi sawun rini a bar magani.