Zaro gudan jini daga magudanan ƙwaƙwalwa: kurakuran da aka fi yi

Jinin da ƙwaƙwalwa ta gama aiki da shi yana taruwa ne a wasu manyan magudanai da ke cikin kakkaurar tantanin da ya lulluɓe ta, daga nan ya gangara wuya. Idan gudan jini ya toshe su, jinin ya rasa mafita, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wani lokaci har jini ya tsattsafo cikinta. Masu ciki, masu jego da masu shan ƙwayar hana haihuwa sun fi shiga wannan haɗari.

Babban kuskure shi ne gaggawar zura bututu, wato siririn bututun da ake bi da shi ta jijiya har zuwa magudanar don zaro gudan. Likitoci sun ga yadda zaro gudan jini ke ceton wanda jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ta toshe masa, sai wasu suka ɗauka a nan ma haka abin yake. A binciken TO-ACT da aka wallafa a 2020, an raba marasa lafiya 67 da ciwon ya tsananta gida biyu, wasu aka yi musu aikin bututu, wasu magani kawai. Dakatar da shi aka yi tun bai kai ƙarshe ba, domin bututun bai nuna fifiko ba. Maganin farko dai heparin ne, wato maganin tsinka jini. Bututu sai ga wanda jikinsa ke ƙara rikicewa alhali yana kan maganin.

Wani kuskuren kuma tsoro ke jawo shi. A ga jini a hoton kai, sai a janye heparin. Amma ai toshewar ce ta haddasa zubar jinin, don haka akasari ci gaba da maganin ake yi. Inda ake kauce masa shi ne idan heparin ɗin ne ya karya ƙwayoyin daskarar da jini, ko gudan ya biyo bayan irin matsalar rigakafin korona da aka gani a 2021.

A ɗakin aiki kuwa, siririyar wayar ƙarfe da ke ja wa bututun gaba ita ce abin tsoro. Ƙananan jijiyoyin da ke zuba cikin magudanar saman kai ba su da kauri, waya na karkacewa kaɗan za ta huda ɗaya, jini ya taru ƙarƙashin tantanin, ga majinyaci kuma jininsa a tsinke. Cikin magudanar ma akwai zaruruwa da 'yan ƙulluka na halitta da ke kama da gudan jini a hoto. Magudanar gefe, musamman ta hagu, takan zo siririya tun haihuwa. Mai tura mata babban bututu wai yana buɗe toshewa, ɓarna zai yi. Maganin wannan shi ne a natsu a karanta hoton jijiyoyin kafin a huda cinya ko wuya, a kuma tsaya da zarar jini ya samu hanyar wucewa. Nacin sai hoto ya fito fes ba ya ƙara komai sai haɗari. A riƙa auna jinin da injin zuƙa ke kwashewa, a lura da numfashi, don ɓarɓashin gudan kan gangara huhu.

Bayan aiki ba a ajiye maganin tsinka jini, in ba haka ba magudanar ta sake toshewa. Yawanci wata 3 zuwa 12 ake sha, gwargwadon sanadin ciwon. Wanda kumburi ya fara danne masa ƙwaƙwalwa kuwa, tiyatar buɗe ƙoƙon kai yake buƙata cikin gaggawa, kada a ɓata lokaci da bututu.