Yadda Ake Zaɓar Bututun Iska Da Liƙe Shi A Ɗakin Renon Shuka

Ina renon irin tumatir, tattasai da latas a wani ɗaki da ke bayan gidanmu a cikin birnin Kano, ƙarƙashin fitilun LED. Duk wanda ya zo neman shawara, tambayarsa ta farko a kan fankar da ke fitar da iskar ɗakin ce: wace iri zai saya, nawa ne kuɗinta. Ni kuwa bututun na fi damuwa da shi. Fanka mai ƙarfi a bakin bututu mai lanƙwasa da ɓuli, ɗiban ruwa ne da kwando.

Fara da awon ɗakin. Idan tsawonsa mita 3 ne, faɗi 3, tsayi 3, iskar da ke ciki mita kiyubik 27 ce. Ana son a sauya ta duk bayan minti biyu ko uku, wato sau 20 zuwa 30 a awa. Ka ga kenan kana neman fankar da za ta ja tsakanin mita kiyubik 540 da 810 a awa, kuma adadin yana rubuce a jikinta ko a kwalinta. Ɗaki irin wannan, bututu mai inci 6 yana iya ɗauka, amma inci 8 ya fi kwanciyar hankali. Dokar da ba na karyawa ita ce faɗin bututu ya zo daidai da bakin fanka. Kada ka tsuke inci 8 zuwa 6 don rangwame, ƙara za ta ƙaru, iska ta ragu, injin ya riƙa zafi.

Iri uku za ka tarar idan ka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari. Akwai na alminiyam mai miƙewa da tsukewa, shi ya fi arha da sauƙin ɗaurawa, sai dai cikinsa gargada ne, yana riƙe iska da ƙura, ɓera kuma ba ya ɗaukar lokaci wajen huda shi. Akwai fayif ɗin PVC na masu aikin famfo, cikinsa sumul, ba ya tsatsa. Sai na farin kwano, wanda masu ƙira za su naɗa maka daidai awonka. Ni na kwano ko PVC nake sa wa doguwar hanya, mai miƙewar kuma ɗan guntu kawai nake sawa tsakanin fanka da bututu, don ya shanye jijjiga. Shi ma a ja shi ya miƙe sosai, kada ya yi tumbi.

Hanyar ta zama gajera, miƙaƙƙiya. Kowace kwana tana cinye ƙarfin fanka, kwana mai kaifi ta fi kowacce ɓarna. In dole ne a karkata, a yi kwana biyu masu laushi maimakon ɗaya mai kaifi.

Mafitar iska a sama take, kusa da silin, domin can zafi ke taruwa. Mashiga kuma a ƙasa, a bangon da ke fuskantarta, faɗinta ya kai ninki biyu na mafitar. Don Allah kada ka zuba iskar cikin silin. Laima za ta ruɓar da katako, zafin kwanon rufi kuma ya dawo maka. Fasa bango ta fita waje, bakin bututun ya ɗan sunkuya ƙasa, a sa masa hula da raga saboda ƙadangare.

A nan ne zaman Kano ke da nasa sharaɗi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, hazon hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ina guje wa waɗannan ɓangarori idan gini ya ba da dama. Mashigar tana buƙatar raga mai ƙananan ido da soso mai tace ƙura, a riƙa wanke shi duk mako daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya ga abin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta yi wa tumatir a Kadawa da Kura a 2016 ba zai bar kafa ko ɗaya ba raga ba. Raga tana rage iska, sai a ƙara faɗin kafar. Kuma a sani, bututu ba ya sanyaya ɗaki fiye da iskar waje. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ina rataya jiƙaƙƙen buhu a gaban mashigar, busasshiyar iskar tana ratsa shi ta yi sanyi.

Yanzu liƙi. Goge bakin bututun da tsumma ya bushe, ba ƙura ba maiƙo. Zura ɗaya cikin ɗaya kamar inci 2, ƙaramin bakin yana bin inda iska ta nufa. Ɗaure da kilif na ƙarfe mai kusa, ka matse da sukundireba. Sannan ka naɗa salatif na alminiyam zagaye biyu, ka murje shi da bayan cokali har ya kwanta. Kilif ne ke riƙewa, salatif toshewa kawai yake yi. Salatif mai yadi da baƙin na masu gyaran wuta ba su jure zafinmu, gam ɗinsu yana sakewa ya bar ɓuli. Inda bututu ya ratsa bango a cike da siminti, a bi gefen da silikon.

In ka gama, rufe ƙofa, kunna fanka, ka kunna turaren tsinke ka bi kowace mahaɗa a hankali. A ɓangaren bututun da ke kawo iska ga fanka, ɓuli zai zuƙe hayaƙin, a ɓangaren da ke fitar da ita kuma zai hure shi. Kai turaren bakin mashiga, ya kamata hayaƙin ya shige ciki kai tsaye. Idan ƙofar tana wuyar buɗewa ko fanka tana gurnani, mashigar ta yi kaɗan, a faɗaɗa ta. Maimaita wannan gwajin a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka.