Yadda mai gudun dogon zango zai yi amfani da gidan motsa jiki tsakanin gasa da gasa

Wanda ya gama gasa, a ce gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, kuma yana hangen wata gasar bayan wata uku, yana da isasshen lokacin gyara abin da gudu kaɗai ba ya gyarawa. Zuciya da huhu kan saba da wahala cikin 'yan makonni, amma agara da ƙashi sai sun ɗauki watanni. A kowane taku, nauyin da ke sauka kan ƙafa ɗaya ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Shi ya sa za ka ga mutum numfashinsa lafiya lau, amma gwiwa ko ƙwauri sun zaunar da shi. Ƙarfi za ka je nema a gidan motsa jiki. Gajiya kam, titi ya riga ya ba ka.

Makon farko bayan gasar kilomita 42 kada ka taɓa ƙarfe. Tsamin jiki ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, kuma ko ya lafa tsoka ba ta gama warkewa ba. Tafiya a ƙasa, ko minti 20 zuwa 30 a kan keken motsa jiki ba tare da ƙara masa tauri ba, ko iyo, sun wadatar. In gasar ta kilomita 10 ce, kwana uku zuwa huɗu sun isa.

Daga nan sai ka ware kwana biyu a mako, minti 40 zuwa 45 kowane zuwa, da tazarar aƙalla kwana biyu a tsakani. Ɗumama jiki da minti biyar a keke, sannan ka fara da tsugunno: riƙe dambel (gajeren ƙarfen ɗagawa da hannu) ɗaya a ƙirji, dunduniya a manne da ƙasa, gwiwa na bin saitin yatsun ƙafa, ka sauka har cinya ta yi daidai da ƙasa. Sau 6 zuwa 8, ka huta minti biyu, zagaye uku. Na biyu shi ne sunkuyo da ƙarfe a hannu: gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka tura ƙugu baya, gadon baya a miƙe, har ka ji bayan cinya ya ja. In ƙasan bayanka ne ke ɗaukar aikin, ko nauyin ya yi yawa, ko ka bar ƙarfen ya yi nesa da ƙafa. Na uku, hawa benci da ƙafa ɗaya, sau 8 kowace ƙafa, domin shi gudu ba a taɓa yin sa da ƙafa biyu a ƙasa lokaci guda. Dubi madubi: in gwiwa na faɗawa ciki, ko ƙugu na karkata gefe, tsokar gefen ƙugu ce ba ta da ƙarfi, sai ka rage tsayin bencin.

Wurin da aka fi sakaci da shi shi ne sharaɓa, alhali ita ce ke tunkuɗa ka gaba. Tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, ka ɗaga dunduniya, ka sauke ta a hankali cikin daƙiƙa uku, sau 10 zuwa 12. Sai ka sake yi a zaune, gwiwa a lanƙwashe, da nauyi a kan cinya. Dalilin yin iri biyun shi ne tsokar wurin biyu ce: ta sama ta fi aiki in gwiwa na miƙe, ta ƙarƙashinta kuwa sai an lanƙwasa gwiwa take ɗaukar kayan, kuma ita ce mai wahala a doguwar tafiya. Wanda agarar dunduniyarsa ke ƙagewa da safe, wannan motsin na iya taimaka masa. Ka rufe da kwanciya ta gefe, ka dogara a kan gwiwar hannu, ka ɗaga ƙugu jiki a miƙe, daƙiƙa 30 kowane ɓangare.

Babban kuskuren masu gudu shi ne ɗaukar ƙarfe marar nauyi a yi sau talatin, don tsoron kada jiki ya kumbura. Da wuya mai gudun kilomita 30 ko 40 a mako ya tara irin wannan tsoka. Zaɓi nauyin da in ka gama za ka ji saura biyu kacal za ka iya ƙarawa. Ranar da ka ji saura huɗu, ƙara kilo 2.

Jeren ranaku ma yana da muhimmanci. Kada ka ɗaga ƙarfe ana gobe dogon gudunka. In dogon gudun na Lahadi ne, Talata da Alhamis ko Juma'a da safe sun fi dacewa. Gudu ɗaya mai sauƙi a mako kuma za ka iya musanya shi da minti 45 a keke, ƙafa na juyawa kusan sau 85 zuwa 90 a minti, numfashi daidai yadda za ka iya hira. A ɗaki babu iskar da ke busar da gumi, don haka zauna kusa da fanka, musamman a bazara. Auna kanka kafin da bayan: kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Da azumi, bari sai bayan buɗa-baki.

Ci abin gina jiki a kowane zaman cin abinci: ƙwai, wake, awara, kifi, nono. Mai kilo 65 na buƙatar kusan giram 100 na furotin a rana, kuma ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai.

Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa in ka yi tsalle, na iya zama tsagewar ƙashi. Daina gudu ka ga likita. Haka in fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan motsa jiki mai tsanani, wannan asibiti ne a ranar, domin ƙoda ce ke cikin haɗari.

Saura mako uku gasa, koma zuwa sau ɗaya a mako, zagaye biyu, da nauyin da ka saba. Saura kwana goma, ajiye ƙarfe gaba ɗaya.