Kurakuran da aka fi yi da ɗafa-goshi a Turanci

Duk wanda ya taɓa bin bayan tankar mai a hanyar Kano zuwa Zariya ya ga rubutun nan da jan fenti: Highly Inflammable. Ɗalibin da aka haddace masa cewa in-, ɗafa-goshin nan da ake liƙa wa farkon kalma, korewa take yi zai ɗauka abin da ke cikin tankar ba ya kama wuta, alhali gargaɗi ake yi masa ya yi nesa da ashana. Kalmar daga Latin ta zo, inflammare, wato cinna wuta, kuma in- ɗin da ke goshinta "ciki" take nufi. Flammable da inflammable duk ɗaya ne. In abin da wuta ba ta ci kake nufi, ka ce non-flammable.

Ɗafa-goshi ba baƙonmu ba ne. Da ma- muke samun makaranta da mabuɗi, da ba- muke samun Bahaushe. Sai dai korewa ba ta nan muke yin ta ba, "rashin" da "marar" muke kawowa, shi ya sa muke zaton duk in- ta Turanci aikinta ke nan. Invaluable ba marar amfani ba ne, abu ne da darajarsa ta fi ƙarfin a yi masa kuɗi. Don haka in shugabanka ya kira gudummawarka invaluable, godiya za ka yi, ba fushi ba. Marar daraja shi ne worthless. Infamous kuwa wanda ya yi ƙaurin suna wajen ɓarna ne, ba wanda ba a sani ba.

Ko a inda in- ke korewa da gaske, rikiɗa take yi gwargwadon harafin da ke binta: im- kafin b da m da p, il- kafin l, ir- kafin r. Daga nan impossible da illegal da irregular suka fito. Tsakanin un- da in- kuwa babu dokar da za ta fisshe ka, sai hadda. Ana cewa unable amma inability, unjust amma injustice. Ni ma har yau nakan duba ƙamus.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na awon ciki. Na sha ganin an rubuta anti-natal a ƙofar ɗakin awo. Ante- "kafin" take nufi, anti- kuma adawa, kamar a antibiotic. Harafi ɗaya ya mai da masu kula da ciki masu yaƙi da haihuwa. Antenatal ne daidai.

Sai maimaici. Re- ta riga ta ɗauki ma'anar sakewa ko komawa, saboda haka return back da repeat again kamar ka ce "koma baya da baya" ne. Cire kalma ta biyu. A kuma lura da ɗan karan ɗori: ɗan wasan da ya yi re-sign ya sabunta kwantiragi, wanda ya yi resign ajiye aiki ya yi.

Mis- da dis- ma ana cuɗanya su. Makullin da ka manta inda ka ajiye misplaced ne. Mutanen da rikici ya raba da gidajensu displaced ne, kuma wannan kalmar ce D ɗin da ke tsakiyar IDP, laƙabin da ake yi wa 'yan gudun hijira na cikin gida.