Daga Yaron Mota Zuwa Direban Kamfani: Abin Da Ake Buƙata Kafin A Damƙa Maka Tirela

Da yawa daga cikin direbobin tirela da tanka da ke kai-komo tsakanin Legas da Arewa ba makaranta ce ta yaye su ba. Da yaron mota suka fara: wankin mota, ɗaure tamfol, sa waigi (abin da ake tokare taya da shi kada mota ta gangara), canza taya cikin rana, har wata rana oga ya ce a gyara mata tsayuwa a gareji. Wannan hanya tana koya wa mutum jin ciwon inji tun daga ƙararsa, amma tana da illa biyu. Yaro yana gadon munanan ɗabi'un ogansa tare da kyawawan, kuma yana fitowa ba takarda ko ɗaya a hannunsa. Mai mota ɗaya ko biyu zai iya ba ka makulli bisa shaidar mutanen tasha. Kamfanin siminti, na fulawa ko na dakon mai ba ya ɗaukar direba da shaidar baka.

Lasisi

Lasisin tuƙa mota mai kai da bodi a Najeriya shi ne rukunin G. Na rukunin B da ake tuƙa ƙaramar mota da shi ba ya aiki a nan, haka ma D da E da ake tuƙa manyan motoci marasa haɗi. Kafin a ba ka lasisin haya sai ka cika shekara 26. Za ka yi rajista a makarantar koyon tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ka kammala darussa 26 da tsarin ya tanada, jami'in VIO mai duba lafiyar motoci ya gwada ka, ka kawo takardar lafiya daga asibitin gwamnati da lambarka ta NIN, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Ana bayar da na shekara 3 ko na shekara 5.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto ka zauna a gida zai kawo maka lasisi, jabu zai kawo maka. Manyan kamfanoni suna duba lambar lasisi a rumbun bayanan FRSC, kuma a nan ake tankaɗe mutane da yawa tun kafin su taɓa sitiyari. Wasu kamfanonin suna da makarantarsu, kamar wadda Dangote ke da ita a Obajana ta jihar Kogi, amma ko can lasisi na gaskiya ake fara tambaya ko a kai ka ga samunsa.

Ranar gwaji

Asibiti ake fara zuwa: ido, hawan jini, sukari, da fitsari don neman ƙwaya. Taramol da wiwi suna fitowa a fitsari kwanaki bayan an sha, saboda haka daina sha ana gobe gwaji ba ya fisshe ka. Sai kuma mai tsaya maka, galibi mutum biyu masu aiki ko adireshi tabbatacce.

A filin gwaji, mai gwadawa yana fara ba ka maki tun kafin ka hau. Wanda ya buɗe ƙofa ya tayar da mota kai tsaye ya riga ya zubar da rabin makinsa. Zagaya ta tukuna. Zaro sandar baƙin mai ka duba, leƙa ruwan lagireto tun inji yana sanyi, taɓa fambel, duba ƙasa ko akwai ɗigon mai. Bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har na ciki a inda suke bibbiyu, domin na ciki zai iya sacewa gaba ɗaya na waje yana rufa masa asiri har sai ya yi zafi ya fashe. Tayar tirela mai lamba 315/80 R22.5 tana son iska wajen 115 zuwa 125 a ma'aunin ƙarfin iska na psi, kuma da geji ake aunawa, ba da bugun ƙarfe ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda ta tashi aiki, ko da zanenta bai ci ba. Tsatsa mai gangarowa daga gindin noti alama ce ta noti ya saki.

Haɗa kai da bodi yana da tsari. Sa waigi a tayoyin bodi, daidaita tsayinsa da ƙafafunsa yadda farantin da ke bayan kai zai ɗan ɗaga shi idan ya shiga, sannan ka yi ribas a hankali har ka ji ya ƙulle. Kada ka yarda da ƙarar kawai. Sa giya ta ɗaya ka ɗan ja gaba alhali burkin bodi yana kame, sannan ka sauko da tocila ka leƙa: kada a ga haske tsakanin faranti da bodi, haƙoran makulli kuma su rungume ƙarfen da ke ƙarƙashin bodi sosai. Bodin da ya hau saman haƙoran bai shiga ba zai bi ka har bakin titi, a kwanar farko ya rabu da kai. Bayan nan sai tiyon iska. Jan tiyo shi ne mai cika tankin bodi, ɗayan kuma na taka burki ne, rawaya a motocin Turai irin su DAF da MAN, shuɗi a na Amurka irin su Mack. A ƙarshe ka naɗe ƙafafun har sama.

A ribas, bodi yana tafiya ne kishiyar inda ka karya sitiyari. Karya kaɗan, gyara da wuri. Idan ya fara lanƙwashewa, ja gaba ka miƙe shi ka sake. Masu gwaji ba sa kayar da mutum don ya sauko ya duba bayansa, amma suna kayar da wanda ya taɓa durom ɗin da aka jera a filin.

Iska ita ce burki

Nan ne ya kamata sabon direba ya fi daɗewa. Burkin tirela ba da mai yake aiki ba, da iskar da inji ke matsawa cikin tankuna yake aiki. A Howo, DAF da MAN allurar geji takan zauna tsakanin 8 zuwa 10 a ma'aunin bar, ƙararrawa kuma ta fara kuka idan ta sauko wajen 6. A Mack gejin da psi yake ƙirgawa: 100 zuwa 125 lafiya, gargaɗi a 60. Kada ka motsa mota kafin allura ta kai inda ya kamata, ko ana danna maka oda a layin lodi.

Gwajin yoyo kullum safe ne. Cika tanki, sa waigi, kashe inji, saki burkin hannu, taka burki ka riƙe minti ɗaya kana kallon allura. A mota mai haɗi, faɗuwar da ta wuce psi 4 a minti yoyo ne, sai an gyara. Sannan ka ja zoben da ke ƙarƙashin kowane tanki ka zubar da ruwan da ya taru. Da damina ruwan yakan yi yawa, yana cinye gurbin iska yana kuma lalata bawul. In ka ga baƙin mai yana fita tare da ruwan, injin matsa iskar ya fara gajiya, a rubuta wa makanike.

Akwai ɗabi'ar da ake gada a gareji wadda ta ci rayuka da yawa: idan burkin taya ɗaya ya riƙe ko tukunyar iskarsa ta fashe a hanya, sai a toshe tiyonta a ci gaba da tafiya, a ce sai an dawo. Ba a dawowa a gyara. Mota mai tan 45 sai ta koma tsayawa da burkin da bai cika ba, sauran kuma su ɗauki zafin da ba nasu ba.

Zafin nan shi ne asalin abin da ake kira tsinkewar burki a gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos ko ta tsakanin Akwanga da Lafiya. Idan ka ɗora ƙafa a burki tun daga sama, gangar burki tana yin zafi ta buɗe, fatar burkin ta yi santsi, sai ka taka har ƙasa mota tana ƙara gudu. Maganin yana farawa kafin gangarar: rage gudu, sa giyar da za ka hau wannan tudun da ita ko ƙasa da ita, kunna burkin inji, sannan ka riƙa taka burki da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu da kamar kilomita 10, ka saki ya huce. Kada ka nemi canza giya a tsakiyar gangara, in ta ƙi shiga ka zauna ba giya. Mafi muni shi ne sakin mota a firi don a rage shan gas. Inji yana komawa salo, iska ba ta cika da sauri, burkin inji ba ya aiki, kai kuma kana ta ƙona iskar da ta rage. Abin da aka tsira da shi na gas bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Dokar gudu ga tirela da tanka ita ce kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma tun 2017 FRSC take tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Ko a 60 ɗin, mota tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, burkin iska kuma yana ɗan jinkiri kafin ya kama. Bar tazarar daƙiƙa 6 ko 7 tsakaninka da na gabanka. Ƙananan motoci za su riƙa cusa kai cikin tazarar, sai ka sake buɗe ta.

Kaya

Buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu 600 tan 30, buhu 900 tan 45. Tsaya a wurin lodi ka ƙirga da idonka, ka ga an baje nauyin daidai. Kaya da ya taru a baya yana sauƙaƙa kai har tayoyin ja su riƙa sulɓi a hawa. Kwantena kuwa sai an murɗe makullanta huɗu na kusurwa, ba a dogara da nauyinta.

Tanka sana'a ce daban, kuma ba a fara sabon direba da ita. Lita 45,000 na fetur ya kai tan 33, na gas kuma wajen tan 38. Ruwa yana motsi: ka taka burki ya tunkuɗo ka gaba, ka sha kwana ya taru gefe guda. Tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya saurin kifewa. Bayan gobarar Majiya a Jigawa cikin Oktoban 2024 da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja cikin Janairun 2025, hukumar NMDPRA mai kula da dako da rarraba man fetur ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga Maris 2025. A defo kuma jami'ai suna duba mota kafin a ba ta izinin lodi.

Abin da za ka tambaya kafin ka sa hannu

Rigimar direba da kamfani ba kasafai take tashi a kan tuƙi ba. A kan gas, giɓin kaya da kuɗin tafiya take tashi. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, to ka karanta, in ba ka iya ba ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Nawa ne albashi, nawa ne kuɗin kowace tafiya, kuma ana biya kafin tashi ko bayan an dawo da takardar sauke kaya? Wa ke biyan yaron mota? Lita nawa aka ware wa kowace hanya? Tirela mai kaya takan yi kilomita 2 zuwa 3 a lita ɗaya, wato Legas zuwa Kano, mai kimanin kilomita 1,000, zai iya cin lita 400. In an yanke maka gas bisa lissafin sabuwar mota aka ba ka tsohuwa, kowace tafiya da bashi za ka dawo. Kwana a layin lodi na Apapa a Legas da inji a kunne ma yana cin lita 2 zuwa 3 a awa. Tambayi wa ke biyan kuɗin ƙungiya da na takardun jihohi a hanya, da kuma ko ana zuba maka fansho: doka ta ce kashi 8 cikin 100 daga albashinka, kashi 10 daga kamfani.

A wurin sauke kaya, kada ka tashi sai mai karɓa ya sa hannu da hatimi a takardar kaya, da adadin da ya karɓa a rubuce. Buhun da ya fashe a rubuta ya fashe, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Direban tanka ya tsaya a kan awon mai da sandar da ake tsomawa cikin tanki lokacin lodi da lokacin saukewa, ya duba lambobin hatimin murfi sun yi daidai da na takarda. Giɓin da ba a rubuta dalilinsa ba daga albashinka za a cire. Motocin kamfani kuma suna da na'urar bin sawu mai nuna inda ka tsaya da tsawon tsayuwar. Ratse hanya don gaida gida ba tare da izini ba ana lissafa shi karkatar da kaya, haka ɗaukar fasinja ko buhunan wani a saman lodi. Kora ce, wani lokaci har da 'yan sanda, su kuma masu tsaya maka su shiga uku.

A kan hanya

Bayan tuƙin awa 4 ka tsaya ka miƙe ƙafa, ka zagaya mota, ka kai bayan hannu kusa da kowace ganga ka ji ko wata ta fi sauran zafi. In an canza taya, a sake ɗaure notinta bayan kilomita 50 zuwa 100. Barci ya fi kama direba tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, goro da shayi mai kauri jinkirta shi kawai suke yi. Tsara tafiyarka dare ya riske ka a inda motoci ke kwana, kamar Ogere, Lokoja, Tafa ko Mararrabar Jos, kuma ka tambayi direbobin da suka fito daga gaba halin da hanya take ciki kafin ka shiga dajin da ba gari kusa.

In mota ta lalace, fitar da ita daga kan kwalta iya yadda za ta yiwu, ja burkin hannu, sa waigi gaba da baya, kunna fitilun gargaɗi, ka kafa alamar kusurwa uku mai ƙyalli nesa da bayan mota. A kwana ko bayan tudu, kai alamar inda mai tahowa zai gan ta kafin ya ga motar. Ganyen da ake zubawa a titi ba a ganinsa da dare. Kira ofishinku ka faɗi inda kake da abin da ya lalace kafin ka bari makaniken hanya ya kwance komai, domin kamfanoni da yawa ba sa biyan gyaran da ba su amince da shi ba. In motar ta tare hanya ko an yi haɗari, lambar FRSC ita ce 122.