Yadda Ake Haɗa Katin Sarrafawa Biyu a Suwic Don Kada Sadarwa Ta Yanke

Duk wanda ke kula da kwamfutocin asibiti ko cibiyar jarrabawa a ƙauyukan Ringim ko Gumel ya san cewa idan na'ura ta lalace, sai an yi kwanaki kafin madadinta ya iso daga Kano ko Legas. Saboda irin wannan ne manyan suwic (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci su yi sadarwa da juna) masu ramukan saka kati, kamar Cisco Catalyst 4507R da Aruba 5406R, suke da gurbin katin sarrafawa guda biyu. Wannan kati shi ne ƙwaƙwalwar suwic, shi ke riƙe saituna kuma shi ke ba sauran katunan umarni. Ɗaya yana riƙe da ragama, ɗayan kuma mai jiran gado ne.

Da farko, tabbatar katunan biyu iri ɗaya ne, kuma manhajar da ke kansu zubi ɗaya ce. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, musamman waɗanda suka sayi kati na biyu na hannu. A na'urar Cisco, idan manhajojin suka saɓa, suwic yakan koma tsarin RPR, wanda a cikinsa mai jiran gado bai gama farkawa ba, don haka ranar da na farko ya mutu sai sauran katunan sun sake tashi, a yi mintuna babu sadarwa. Abin da ake nema shi ne tsarin SSO, inda na biyun ke kwafar halin da ake ciki a kowane lokaci.

Kafin ka taɓa komai, kwafi saitunan ka adana a kwamfuta. Sannan ka ɗaura igiyar hannu mai sauke wutar jiki, domin busasshiyar iskar hunturu tana tara wutar da za ta iya ƙona kati ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Tura kati na biyun a hankali cikin gurbinsa har ya zauna, ka ɗaure kusoshinsa.

Yanzu sai saiti. A Cisco, shiga wurin saituna ka rubuta redundancy, sannan mode sso, ka adana. A Aruba umarnin shi ne redundancy management-module nonstop-switching. Ka ɗan jira su daidaita, sannan ka rubuta show redundancy. A Cisco dole ka ga STANDBY HOT a gaban kati na biyu. Idan suwic ɗin yana aikin OSPF, wato tsarin da na'urori ke musayar bayanan hanyoyin da saƙo zai bi, a kunna masa NSF, wanda ke sa ya ci gaba da tura saƙonni yayin da katunan ke sauya ragama.

Mataki mafi muhimmanci a wurina shi ne gwaji, kuma shi ne aka fi tsallakewa saboda tsoro. Zaɓi lokacin da ba a aiki, kamar yammacin Lahadi, ka sanar da shugaban wurin. Sa wata kwamfuta ta yi ta aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ke jiran amsa, babu tsayawa, ka jona wayar konsol da ke haɗa kwamfutarka kai tsaye da suwic, sannan ka rubuta redundancy force-switchover a Cisco, ko redundancy switchover a Aruba. Ƙirga amsoshin da suka ɓace. Idan komai daidai ne, kaɗan za su ɓace ko ma babu, tsohon mai ragama kuma zai sake tashi ya zama mai jiran gado. Kada ka maimaita gwajin sai ka sake ganin ya shirya tsaf.

Saura batun wuta, domin katunan biyu a akwati ɗaya suke zaune. Cikin na'urori biyu da ke ba suwic ɗin wuta, jona ɗaya a inbata ta sola, ɗayan a layin janareta, kuma ka riƙa kakkaɓe ƙurar fanka kafin zafin Afrilu ya shigo.