Mudu Nawa Gare Ki a Rumfa? Yadda 'Yar Kasuwa Za Ta Gamshi Ubangiji

Shekara 19 ke nan ina sayar da masara da dawa da wake a kasuwar Saminaka. Duk sa'ad da wata ƙanwata a Zumuntar Mata ta ja ni gefe bayan sujada ta ce, "Mama, yaya zan yi in gamshi Allah?", takan zaci zan ce ta ƙara azumi ko ta shiga ƙungiyar mawaƙa. Ni kuwa abin da nake fara tambayarta shi ne: mudu nawa gare ki a rumfa?

Kada ki ji haka ki ɗauka da mudu ake sayen ceto. Afisawa 2:8-10 ta riga ta raba gardama: alherin Allah ne ya cece mu ta wurin bangaskiya, ba aikinmu ba, amma an cece mu ne domin mu yi kyawawan ayyuka. To, ke da kike kwana shida a kasuwa, kwana ɗaya a majami'a, ina kike tsammani za a ga ayyukan nan?

Ki fara da mudunki. Ki ɗauke shi yau, ki kife shi, ki shafa gindinsa. In an bubbuge shi ya shige ciki, ki jefar. In kina da biyu, babba na saye daga hannun manoma, ƙarami na sayarwa, ki zaɓi ɗaya ki yi saye da sayarwa da shi. Wannan ba dokata ba ce, tana cikin Maimaitawar Shari'a 25:13-15, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko a gidansa. Annabi Amos ma, a sura 8, kamar a kasuwarmu ya zauna ya yi rubutu: masu ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe hatsi, masu rage mudu su ƙara kuɗi, har sharar alkama suna sayarwa.

Ni ma na yi. Matar da ta koya mini sana'a ita ta ba ni mudun farko, kuma na san gindinsa a lotse yake, na ce ai kowa haka yake yi. Na yi shekara uku da shi. Wata tsohuwa gwauruwa da muke zama benci ɗaya a majami'a takan sayi mudu biyu na masara a wurina kowane mako. Ran nan ta zo da nata kwanon a cikin zane, ta ce, "'Yata, auna mini da wannan, jikokin sun ce tuwon ba ya kai mu Asabar." Ba ta ƙara ko kalma ba. Na auna hannuna na rawa. Ranar Lahadin da ta biyo ana Jibin Ubangiji, na kasa miƙa hannu.

Ga abin da na yi, shi kuma nake ba ki shawara in kin taɓa tauye wa wani: ki mayar. Roƙon gafara a ɗaki bai isa ba. Zakiyus a Luka 19 bai tsaya ga kuka ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu. Na kai wa tsohuwar nan rabin buhu da daddare, na faɗa mata dalili da bakina, wanda ya fi ɗaukar buhun nauyi. Waɗanda ba zan iya tunawa ba kuwa, sai na riƙa ƙara gyara ga duk mai saye har damina ta fita.

Sai algus. Kada ki zuba tsohon wake a ƙasa ki rufe da sabo. Kada ki bar tsakuwa da ƙaiƙayi don buhu ya yi nauyi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne zuba wa wake maganin ƙwari irin na gona, a sayar wa mutane su dafa wa 'ya'yansu. Ki nemi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. Ki shanya waken ya bushe sarai, ki matse iska, ki ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwarin za su mutu don rashin iska, ba ki sa ko ɗigon magani ba. Ya fi buhun gargajiya tsada, na sani, amma in kin kiyaye shi daga ɓera zai yi miki fiye da kaka ɗaya.

Batun ajiya yana da ɗan wuya, kuma ba dukanmu muka yarda da juna a kai ba. Saye da kaka a ajiye zuwa bazara ba zunubi ba ne, ai Yusufu ma ya tara hatsi shekara bakwai a Masar. Amma ya buɗe rumbunan da yunwa ta zo. Karin Magana 11:26 (a tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata, fassarar 1932, sunan littafin Misalai) ta ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi. Abin da na tsayar wa kaina shi ne, da zarar ruwa ya zauna, manoma sun cinye na gida, sabo bai nuna ba, ina buɗe shago ko da ana cewa kuɗi zai ƙara hawa a watan Agusta. Mijina yakan ce na cika gaggawa. Wataƙila.

Bakinki kuma. Ki daina rantsuwa a kan farashi. "Na rantse ban sayo haka ba" alhali kin san nawa kika sayo, wannan ƙarya ce da aka ɗora wa sunan Allah. Yesu ya ce i ɗinki ya zama i, a'a ya zama a'a. Ba dole ki faɗi kuɗin da kika sayo ba. Ki ce "albarka" kawai, ki yi murmushi, ciniki ya ci gaba.

'Yan dako ki biya su nan take, tun gumin bai bushe ba, kada ki ce sai an tashi kasuwa. Zubin adashi kada ya wuce ranarsa. Zakka da baiko ki cire daga riba, ba daga jari ba, kuma ba daga kuɗin wanda yake bin ki bashi ba. Na ga mace tana rawa zuwa gaban bagade da ambulan ranar godiyar kaka, mai bin ta kuɗin buhu biyu yana zaune a bencin baya yana kallo.

Duk wannan ba za ki iya da ƙarfinki ba, shi ya sa nake tashi ƙarfe 5 na asuba. Ba doguwar addu'a nake yi ba. Zabura ɗaya, waƙa ɗaya a hankali don kada in tashi yara, sannan in ambaci sunayen waɗanda zan haɗu da su, musamman wadda muka yi cacar baki jiya. Da yamma kafin in ƙirga kuɗi nakan tambayi kaina ko akwai wanda na cuta. In akwai, ba na barin rana ta sake faɗuwa ban neme shi ba.

Maƙwabciyata a rumfa Hajiya ce, shekararmu 11 tare. In ta tafi sallar azahar ni ke tsare mata kaya, in sayar, in ƙulle kuɗin a ledarta. In muna da taron mata ranar mako ita ke tsare nawa. Ba ta taɓa shiga majami'armu ba, amma in baƙo ya tambayi inda zai sami wake marar magani, wurina take nuna masa.

Ranar Lahadi ba na buɗewa. Akwai wani mai sayen masara da yawa da yakan bugo mini waya ana tsakiyar wa'azi, ya ce motarsa na jira. Nakan kira shi bayan an tashi in ce ya dawo Litinin. Wani lokaci ya dawo, wani lokaci ya saya a wurin wata.